Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Moton Injin Katako, Daga Kwancewa Har Ya Koma Kan Zarto

Kafintan da ya saba leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san irin ƙarfen da nake nufi. Moton lantarki ne na kas, wato ƙarfen zubi, fentinsa duk ya ɓamɓare, yashe a gefen rumfa, ƙarti biyu ba sa ɗaga shi sai da nishi. Da yawansu daga rufaffun masana'antu da ɗakunan koyon sana'a na makarantu suka fito, wasu har yanzu suna maƙale a jikin injinan katako 'yan Ingila irin su Wadkin, kamfanin da ya fara aiki a Lesta tun 1897. A farantin wasu za ka ga sunan Brook na garin Hodasfil ko Crompton Parkinson. Mai sayarwa zai ce maka, "Ya ƙone ne, sai naɗi," shi dai jan ƙarfen da ke ciki yake lissafi.

A cikin waɗanda suka biyo ta hannuna, ƙalilan ne suka ƙone da gaske. Sauran ko boris, wato zoben ƙwallayen da sandar moto ke juyawa a ciki, ya kama, ko kafasita, ɗan gwangwanin da ke tara wuta, ta mutu, ko makunnin ciki ya cushe da dusar katako, ko kuma sanyi ya shiga kwayil. Shi kuwa kwayil ɗin asali shi ne darajar tsohon moto: waya ce ta jan ƙarfe zalla, an naɗa ta a wadace cikin jiki mai ƙarfe da yawa wanda ba ya saurin ɗaukar zafi. Da zarar mai naɗi ya sa kurfi ya sare ta, an gama. Don haka duk matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda naɗi zai zama abu na ƙarshe, bayan an tabbatar babu makawa.

Mataki na farko: kada ka jona, karanta farantin

Kowa hannunsa na ƙaiƙayi ya sa wa moto wuta ya ji ko zai tashi. Ka daure. Moton da ya yi damina biyu a waje kwayil ɗinsa ya sha danshi, kuma daƙiƙa biyar na wuta sun isa su mai da abin da shanya za ta gyara ya zama ƙonanne na gaskiya.

Goge farantin bayanin da tsumma da ɗan kananzir, ban da samfefa, domin tana cinye rubutun. In lambobin sun dushe, haska fitilar waya daga gefe, inuwa za ta fito da su. Ɗauki hoto, sannan ka kwafe a takarda.

HP shi ne ƙarfin doki, doki ɗaya kuwa wat 746 ne, saboda haka doki uku daidai yake da 2.2kW a sababbin faranti. PH na gaya maka ko na layi ɗaya ne ko na layi uku. RPM shi ne zagaye nawa yake yi a minti: a wutarmu ta 50Hz, wanda aka rubuta wa 1425 ko 1440 mai kan maganaɗisu huɗu ne, wanda aka rubuta wa 2850 ko kusa da haka mai kai biyu ne. AMPS shi ne iyakar wutar da zai ja in yana cikakken aiki, kuma wannan lamba za ka sake nemanta har sau uku nan gaba.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne 50Hz da 60Hz, wanda tsofaffin faranti kan rubuta CYCLES. Moto ɗan Ingila na 240V ko 400/440V a kan 50 ɗan gida ne a Najeriya da Nijar. Ɗan Amurka kuwa an yi shi ne don 60. In an rubuta masa 1725, a nan wajen 1440 zai yi, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma in na 230V ne zai fi ɗaukar zafi, domin ƙarfen cikinsa na shan maganaɗisu fiye da yadda aka tsara masa. Yana aiki, amma ba a matsa masa. Mai layi uku da aka rubuta wa 460V 60Hz shi ne mai sa'a, yana zama lafiya a kan 380V zuwa 400V namu. In ka ga 115/230V, to ka tabbata an haɗa wayoyin a kan 230 kafin komai.

Akwai kuma harafin da ke nuna juriyar zafin rufin waya. A na jure 105°C, E 120°C, B 130°C, F 155°C. Tsofaffi galibi A ne ko E, in ma ba a rubuta komai ba ka ɗauka A ne. Masu ƙera moto suna lissafi ne da zafin ɗaki da bai wuce 40°C ba, mu kuwa mun san abin da rumfar kwano ke zama a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato.

Mataki na biyu: hannu, hanci, sannan mita

Juya shaf, wato sandar da ta fito daga tsakiyar moto, da hannu. In yana tafiya sumul, madalla. In yana gurnani kamar ana niƙan tsakuwa, boris ne. Ɗaga bakin shaf ɗin sama da ƙasa: duk wani "ƙwas-ƙwas" da ka ji alama ce ta boris ko mazauninsa ya ci. In ya ƙi motsi gaba ɗaya, kada ka sa masa sufana da ƙarfi, ka bari sai an buɗe.

Buɗe akwatin wayoyi ka sunsuna. Ƙaurin ƙonannen banish ba ya ɓuya, kuma yana shekaru bai fita ba.

Yanzu sai mita, a ɓangaren om, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. A mai layi uku za ka tarar da kawuna shida, U1 V1 W1 da U2 V2 W2, ko A1 B1 C1 da A2 B2 C2 a tsofaffin 'yan Ingila. Cire 'yan ƙarafan da suka gama su, bayan ka ɗauki hoton yadda suke, ka auna kowane kwayil shi kaɗai. Uku ɗin su zo kusan daidai. In ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da kashi biyar cikin ɗari, akwai magana. A mai layi ɗaya kwayil biyu ne, na aiki da na tayarwa. Na tayarwa galibi wayarsa ta fi siriri, don haka om ɗinsa ya fi yawa, kuma kawunansa su ne Z1 da Z2.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci mitar hannu ba ta iya shi. Ana bukatar mega, wadda ke tura 500V tsakanin kwayil da jikin moto ta auna ko rufin wayar na yoyo. In ba ka da ita, ka ɗauki moton zuwa wurin mai ita, kuɗin gwajin bai kai na boris ɗaya ba. Cire kafasita tukuna, ka kankare fenti a wuri ɗaya don wayar mega ta kama ƙarfe tsirara, ka bar ta tana turawa minti ɗaya cur. Ƙasa da megom ɗaya, wato om miliyan ɗaya, ba a sa masa wuta. Sama da biyar, ana iya aiki da shi. Lafiyayyen kwayil busasshe yakan ba da gommai ko ɗaruruwa. Bayan gwaji ka taɓa kawunan da jikin moto ta waya don wutar da ta taru ta sauka.

Ƙaramin sakamako ba hukuncin kisa ba ne. Rabin megom sau da yawa danshi ne da datti kawai. Sifiri cak shi ne abin tsoro. Gwajin ƙwan fitila da wasu ke yi da wutar gida, banda haɗarinsa, sai waya ta riga ta taɓa jiki yake nunawa, ba ya ganin rufin da ke gab da fashewa.

Mataki na uku: kwancewa

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ɗauki ƙusa da guduma ka buga alama: ɗigo ɗaya a murfin gaba da ɗaya a jiki daura da shi, ɗigo biyu-biyu a murfin baya. Alli da maka suna gogewa wajen wanki. Murfin da aka mayar a karkace yana iya sa rota, wato ɓangaren da ke juyawa a ciki, ta riƙa gugar jiki, ko ramin mai ya koma ƙasa.

Fuli, wato faifan da bel ke hawa, shi ne yakan ba da wahala. Kwance ɗan sukurun da ya riƙe shi, ka duba ko akwai na biyu a ƙarƙashin na farko, don masu aikin da suna yin haka. Zuba man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana, ka goge tsatsar bakin shaf da samfefa mai laushi, sannan ka sa fula, ƙarfen nan mai ƙugiyoyi na zaro fuli, ta ja shi. Kada ka doki bakin shaf da guduma, zai buɗe kamar laima, daga nan ba fuli ba boris da zai wuce. Kada kuma fular ta kama leɓen fulin kas, yana ɓarewa kamar ƙwarya. Sa ƙarfe a bayan cibiyarsa ta kama nan. In ya ƙi, ɗan ɗumama cibiyar fulin da wuta, ban da shaf.

Cire murfin fanka da fankar in yana da su, sannan dogayen ƙusoshin da suka ratsa jiki. Wata 'yar shawara da za ta cece ka daga yawon kasuwa: notin tsohon ɗan Ingila zarensa na inci ne, irin na Whitworth, ba ya shiga da na milimita da ke kasuwa yau. Ka zuba kowanne a gwangwani ka rufe. Na taɓa yin yini guda ina neman noti ɗaya tak da yaron shago ya share da dusa.

Buga murfin a hankali ta kan guntun katako, kana zagayawa. A mai layi ɗaya, murfin baya na ɗauke da makunnin ciki da wayoyinsa gajeru, in ka fizge za ka tsinke su daga gindin kwayil. Buɗe kaɗan, leƙa, ɗauki hoto, sa wa kowace waya lamba, sannan ka cire. Wajen zaro rota, ka tura kwali a ƙarƙashinta, ku riƙe ta ta kai biyu, kada ta karce kan kwayil. Ka lura da wasoshi, musamman mai lanƙwasa da ke bayan boris, da gefen da kowace take.

Duba rota da cikin jiki. Tazarar da ke tsakaninsu a ƙananan moto ba ta kai rabin milimita ba, don haka in ka ga wuri ya yi sheƙi, sun riƙa gugar juna, boris ya daɗe da mutuwa. Sannan kwayil: in launinsa ɗaya ne ko'ina, ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai duhu, tsufa ne kawai. In wani ɓangare ya yi baƙi ƙirin, rufin na marmashewa a yatsa, ko ka ga ɗigon narkakken jan ƙarfe, wannan ya ƙone.

Mataki na huɗu: wanki da shanya

Abin da za ka tarar a ciki yana da ban mamaki: dusar katako da ta haɗu da giris ta zama kamar ƙuli-ƙuli, ginin zanzaro na laka a hanyoyin iska, sheƙar ɓera, wani lokaci busasshen ƙadangare. Kwashe da tsinken katako da burushin fenti, kada ƙarfe ya taɓa waya. Hura iska daga nesa-nesa. Iskar mai faci in an matso da ita tana ɗaye tsohon rufi. Rufe hanci da baki, domin tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, haka rufin wasu tsofaffin wayoyi na da asbestos.

Murafe da rota da sauran ƙarafa, kananzir ya ishe su. Kwayil kuwa ban da tina, tana narkar da banish. Yi amfani da feshin wanke kayan lantarki, ko tsumma da ka ɗan jiƙa da farin sifirit. Fetur a shagon da ke cike da dusa, ba sai na faɗa ba.

Shanya ita ce maganin da ake rainawa. Danshin da ya shige cikin ramukan kwayil ba ya fita da ranar yini ɗaya. Kifa wa jikin akwatin katako ko rabin duro mai 'yar ƙofa a sama don tururi ya fita, ka kunna ƙwai biyu masu zafi na wat 100 a ciki, irin na da, ba na zamani marasa zafi ba, kada kuma su taɓa waya. Ka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Mai tanda da ma'aunin zafi yana iya gasa shi a 90°C, kada ya haura 100°C. Ka riƙa auna shi da mega. Da farko lambar za ta faɗi saboda zafi, kada ka tsorata, daga baya ta fara hawa. In ta hau ta tsaya wuri ɗaya na sa'o'i, ya bushe. Adadin da za ka yarda da shi shi ne wanda ka auna bayan ya huce.

Wayoyin da suka fito daga kwayil zuwa akwati su ne sukan fara mutuwa, robarsu ta bushe tana karyewa. Sau da yawa su ne ma ke jawo ƙaramin sakamako a mega. Sauya su ɗaya bayan ɗaya da waya mai jure zafi, ka liƙe da dalma, ka zura silibin, wato ɗan bututun rufe waya, ka ɗaure da zare kamar yadda ka tarar. Sannan, tun yana da ɗumi, ka shafa ko ka fesa banish na kwayil mai bushewa da iska. Kafinta ne kai, na san akwai banish a shago, amma na kujera daban, na waya daban. Kada ya taru a cikin da'irar da rota ke juyawa ko a bakin da murfi ke zama. Kuma ba a shafa shi kan datti ko danshi, rufe ciwo ne da ƙuda a ciki.

Mataki na biyar: boris

Tunda ka riga ka buɗe, sauya duka biyun. Lambar na jikin zobensa. A jerin 62 da 63, lambobi biyu na ƙarshe ke nuna faɗin rami: 03 milimita 17 ne, daga 04 zuwa sama kuma sai ka ninka da biyar, wato 6204 na shaf mai milimita 20, 6205 na 25, 6206 na 30. ZZ rufin ƙarfe ne, 2RS rufin roba. A wurin da dusa ke tashi na fi son 2RS. Tsofaffin 'yan Ingila kan zo da boris na inci, masu lamba irin RLS ko LJ. RLS8 raminsa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, kuma 6205 ba zai maye gurbinsa ba ko da mai shago ya rantse. Ka tafi da tsohon a hannu. Jabun boris ya cika kasuwa, kwalinsa har ya fi na gaske kyau, don haka ka sayi naka wurin wanda za ka iya komawa ka same shi. Araha ba ta ado.

Wajen sawa, ƙarfi na bi ne ta zoben ciki kaɗai. Nemi guntun bututu da ya yi daidai da zoben cikin, ka buga ta kansa. Duka ta zoben waje na sa ƙwallayen su yi tabo a hanyarsu, sabon boris ya fara kuka tun ranar farko. In ka ɗora shi a kan ƙwan fitila ya yi ɗumi, zai shige da kansa. Mai rufi kada ya wuce 80°C, don giris ɗin da ke ciki. Buɗaɗɗen boris kuma ba a cika shi dam da giris, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya isa, fiye da haka zafi yake kawowa.

In boris na faɗawa mazauninsa sakwaf, akwai dabarar da ta zama ruwan dare ta bubbuga wurin da ƙusa ko cusa yankin gwangwani. Tana riƙewa wata biyu, sannan rota ta karkace ta ci kwayil. Kai murfin wurin masu sassaƙa ƙarfe a inji su faɗaɗa ramin su dasa masa zobe.

Waɗanda suka fi tsufa ba su da boris, bushin tagulla gare su, da ɗan zobe mai ɗebo mai ko ulu mai tsotsa. In shaf ba ya girgiza a ciki, ka bar su, sun fi boris shiru. Wanke rijiyar man, ka tabbata zoben na juyawa, ka zuba mai marar kauri irin SAE 20. Ba a sa musu giris, ba a sa musu baƙin mai.

Mataki na shida: makunnin ciki da kafasita

Mai layi uku ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ka tsallake.

Mai layi ɗaya ba ya iya tashi da kansa, sai kwayil na tayarwa ya tura shi. In gudu ya kai wajen kashi uku cikin huɗu, wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da ke kan shaf sai su buɗe, su janye wani faifai, makunnin ya yanke kwayil na tayarwa. Wannan ce 'yar ƙarar "ƙwas" da kake ji in moto na tsayawa, lokacin da makunnin ke komawa. Lalacewarsa iri biyu ce. In bakinsa ya ƙi haɗuwa saboda dusa, moto zai yi ta gurnani ba ya juyawa sai an murza fuli da hannu, abin da ke cin yatsun yara a shaguna. In kuma ya manne ya ƙi rabuwa, kwayil na tayarwa, wanda aka yi don aikin daƙiƙu, zai ƙone cikin ɗan lokaci.

Wanke shi tas, ka goge bakunan da siririn magagari ko samfefa mai laushi, ka tabbata faifan na zamewa a kan shaf ba tare da maƙalewa ba. Ba a sa masa giris, dusa yake kamawa. Kada ka miƙe sifirin ɗinsa ko ka sauya su da na wani, su ne ke ƙayyade gudun da zai buɗe. A ɗan Amurka da ke gudu ƙasa da yadda aka tsara shi, ka kasa kunne sosai ka ji ya buɗe, musamman ranar da wuta ta yi ƙasa.

Kafasita, wadda wasu ke kira kwandansa, tana riƙe wuta bayan an kashe. Sauke ta da rizisto na om 20,000 mai wat 5 kafin ka taɓa. Iri biyu ce. Ta tayarwa adadinta babba ne, daga wajen 100µF zuwa ɗaruruwa, kuma aikin ƙiftawar ido take yi. Ta aiki ƙarama ce, gommai kaɗan, mai jure 400V ko 450V, tana kan layi muddin moto na juyawa. Ba a sa ta tayarwa a gurbin ta aiki, fashewa take yi. Sayi mai adadin µF daidai da tsohuwar, ƙarfin V kuwa daidai ko sama. Tsohuwa mai gwangwanin ƙarfe da ke yoyon mai, in ta girmi shekarun 1980, man na iya zama mai guba irin PCB. Sa safar hannu, kada ka fasa ta, kada ka ƙona.

In ka buɗe ka ga gawayi da kwamiteta, wato zoben jan ƙarfe mai tsagogi da gawayin ke gugawa, kamar na injin huda, ba ka yi asara ba. Wani tsohon salo ne da kamfanoni irin Century da Wagner na Amurka suka yi suna a kai, yana tashi da kaya mai nauyi ba tare da jan wuta da yawa ba. Goge kwamitetar da samfefar katako, ban da baƙar nan ta guga ƙarfe, domin garinta na ɗaukar wuta. Share tsagogin, ka sauya gawayin da ya gajarce. Shi ana sauya masa alƙibla ne ta matsar da mariƙin gawayi zuwa ɗaya alamar da ke jiki.

In naɗin ya zama dole

Ka tsaya a wurin ranar da za a sare. A ƙirga zagayen kowane kwayil, a auna kaurin waya, a rubuta tsallaken ramuka, a kuma ɗora tsohuwar wayar a sikeli. Sabuwar da za ta shiga ta kai wannan nauyin. Kankare bakinta ka gani: in cikin fari ne, alminiyam ce aka yi wa rufi. Ka roƙi kada a babbake jikin a wutar itace don fitar da waya, yana lalata rufin da ke tsakanin siraran ƙarafan, moto ya riƙa zafi har abada ko da naɗin ya yi kyau.

Mataki na bakwai: haɗawa da gwaji

In za ka yi fenti, yanzu ne, kuma shafi marar kauri, don fenti mai kauri bargo ne. Rufe faranti da shaf da bakin murafe. Mayar da komai bisa ɗigon da ka buga, ka ɗaure dogayen ƙusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, kana juya shaf. In ya yi tauri, sassauta, ka ɗan bubbuga murfin ya zauna. Sake gwajin mega.

Ɗaure moton a benci, cire ɗan makullin shaf don kada ya yi tsalle, ka haɗa wayar at, wato ta ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, a jikinsa kafin kowace waya. Mai 230/400V a kan layi uku namu haɗin tauraro ake masa, wato a gama kawuna uku na gefe ɗaya. Kunna na daƙiƙa biyu ka kashe, ka ga alƙibla, ka saurara. In baya yake yi, a mai layi uku sauya kowaɗanne layi biyu, a mai layi ɗaya sauya Z1 da Z2. Sannan ka bar shi ya yi rabin awa ba kaya, da mitar da ake maƙala wa waya. Mai layi uku zai ja kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da ke faranti, layukan uku kusan daidai. Ƙaramin mai layi ɗaya yakan ja fiye da rabi, ba laifi ba ne. Ɗora sukundireba a kan murfi ka kara kunne a ƙotarsa, boris mai lafiya shuu kawai yake yi.

Wanda ba shi da layi uku yana iya tuƙa mai 230/400V da inbatar moto, na'ura mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, a haɗin kusurwa uku, wato ƙarshen kowane kwayil a haɗe da farkon na gaba. Amma sai wanda mega ta ba shi lamba mai kyau, don wutar inbata na matsa wa tsohon rufi, kuma ba a sa makunni tsakaninta da moto.

Mataki na takwas: ɗorawa a inji

Lissafin fuli tukuna. Gudun zarto shi ne gudun moto sau faɗin fulinsa, a raba da faɗin fulin zarto. Moto mai 1440 da fuli inci shida, zarto da fuli inci uku, ya ba da 2880, wanda ya dace da faifan zarto na inci 12. In ka ɗora mai 2850 a kan waɗannan fuli ɗin, zarton zai yi 5700, haƙora na iya tashi. Duba iyakar gudun da aka rubuta a faifan. Daidaita fuli biyun da miƙaƙƙen katako ko zare, ka ja bel yadda in ka danna tsakiya zai nutsa kamar santimita ɗaya da rabi a kowace mita ta tazara. Bel mai tsananin ɗauri shi ke kashe sabon boris.

Sai abin da ba na yarda a yi ciniki a kansa: makunni mai kwantakta da obalod, mai maɓallin kore da ja; obalod shi ne mai yanke wuta in moto ya ja fiye da ƙima. Wuƙar canja layi ko makunnin bango ba su isa ba. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama a kawo ta ba sallama, injin da aka bari a kunne zai tashi da kansa lokacin da yaro ke share bakin zarto. Kwantakta na saki da zarar wuta ta tafi, ba ta komawa sai an danna kore. Obalod ɗin kuma ka saita shi daidai da AMPS na faranti, kada ka ƙara don yana yawan yankewa, yankewar saƙo ce. Shi ne zai ceci mai layi uku ranar da layi ɗaya ya faɗi a taransifoma, moto ya ci gaba da gurnani a kan biyu. In wuta ta yi ƙasa har ƙwai ya yi ja, kashe inji, domin moto na ƙara jan wuta ne ya cike giɓin, kuma kowane ƙarin 10°C na rage wa rufin waya kusan rabin kwanansa. Mai janareta ya tuna moto na jan ninki biyar zuwa bakwai wajen tashi, don haka janaretan ya kai kamar ninki uku na ƙarfin moton.

In moton mai tagogi ne a jiki, ba rufaffe mai haƙarƙari ba, yi masa 'yar rumfa da za ta tare dusar da ke zubowa daga sama, ka bar gefe da gefe a buɗe, ka riƙa hure shi duk mako, da hunturu ma fiye da haka.

Fara yanka da katako mai laushi irin malaina, mita na maƙale a waya, sannan ka gwada maɗaci, ka ga inda tura katako ke kai lambar ga iyakar faranti, ka nuna wa yaran shago wannan saurin. Rubuta kwanan wata, lambar boris, adadin kafasita da abin da mega ta nuna a 'yar takarda, ka manna ta a cikin murfin akwatin wayoyi.